Manajan wurin shaƙatawa ya ci mutuncina a gaban iyalina da baƙona

Assalamu alaikum, Gwaggo. Ni ma'aikaci ne a nan Birnin Kebbi, ina da mata da 'ya'ya biyu. Abokina da muka yi makaranta tare ya zo daga Kaduna da matarsa, na ga ya kamata in karrama su. Akwai wani wurin shaƙatawa na dare da ake yayinsa a gari, mai fitilu da gasasshen kifi. Tun ranar Laraba na tura naira dubu 40 kafin alƙalami, aka ce an kama mana wuri a ɓangaren manya na daren Asabar. Da muka isa bayan isha'i sai muka tarar an ba yaran wani ɗan siyasa wurin, mu aka ajiye mu kusa da janareta. Kifi sai da ya yi awa biyu, ya zo da sanyi. Lissafi ya zo dubu 118, da wasu kuɗi a ciki da ban gane ba, kuma ba a cire abin da na tura ba. Na saka kati a POS aka ce bai shiga ba, na sake sakawa, daga baya na ga an cire mini sau biyu. Da na nemi manaja, sai ya ɗaga murya a gaban kowa ya ce, "In ba ka da kuɗɗi, mi yak kawo ka nan? Ga mai shayi can bakin hanya." Ya sa masu tsaron ƙofa suka tsaya a kanmu har muka fita. Matata ta yi ta hawaye a mota. Yau kwana tara ba na barcin kirki. Ina da bidiyon da na ɗauka, ina son in sa shi a Facebook da TikTok. Wani abokina ɗan sanda ya ce mu je ya kama shi. Wani kuma ya ce in kai su Hisba in ce ana baɗala a wurin. Yayana kuwa cewa ya yi ni na kai kaina, me ya kai mai iyali wurin dare. Gwaggo, me zan yi?

Wani ma'aikaci, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka har sau uku, kuma kowane karo a wuri ɗaya nake tsayawa, inda ka ce matarka ta yi ta hawaye a mota. Kifi mai sanyi ana mantawa da shi kafin gari ya waye. Kuɗi ma ana bin sawunsu su dawo. Amma a tsaya a gaban matar mutum da baƙonsa a ce masa ba shi da kuɗi, wannan mai maganar ya san inda ya nufa da kibiyarsa. An zalunce ka. Na fara da faɗin haka ne domin na lura tun daga yayanka har abokanka, kowa ya zo da tasa dabarar ko nasa faɗan, babu wanda ya zauna ya ce maka sannu. To, sannu.

Bari in fara da maganar yayanka, domin ita ce za ta iya ɗaure maka hannu. Yayanka yana sonka, kuma akwai abin dubawa a maganarsa. Ni kaina ba na sha'awar a kai iyali inda hayaƙin shisha ke tashi, kiɗa na hana mutum jin wanda ke kusa da shi. In ka ga wani abu a wurin da zuciyarka ta ƙi, to ka riga ka sami amsa, kada ka koma. Amma zuwanka wurin bai halatta wa kowa kuɗinka ba, bai kuma halatta mutuncinka ba. Ka je da matarka ta sunna da baƙinka domin cin abinci, ka biya kafin ka ci. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ko da rana aka yi cinikin ko da dare.

Kuma ina son ka gane wani abu game da irin waɗannan wurare a garuruwanmu. Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, Kebbi ta biyo baya a 2000, kuma tun kafin nan ma mu mutane ne da fitar dare ke da nauyi a bakinmu. Saboda haka mutum zai je wurin shaƙatawa a Birnin Kebbi ko Gusau, a wulaƙanta shi, ya haɗiye, domin in ya buɗe baki tambayar farko da za a yi masa ita ce wadda yayanka ya yi maka. Masu irin halin wannan manajan sun san da haka sarai. Kunyar mutane ce garkuwarsu. Ƙara da cewa wuraren ba su da yawa. In mutum ya yi fushi da wannan, babu goma a gaba da zai zaɓa, kamar yadda yake a Abuja ko Kano. Inda babu gasa kuma babu mai ƙorafi, sai mai wuri ya fara ganin alfarma yake yi wa wanda ya zo da kuɗinsa.

Sai kuma yadda ake auna mutane. A irin wannan wuri, tun daga bakin ƙofa an gama yi maka kuɗi: wace mota ka zo da ita, wa ya rako ka, za ka yi wa ma'aikata yayyafi ko kuwa lissafi kawai za ka biya. Yaran ɗan siyasa suna zuwa kowane mako, suna kashe kuɗin da ba guminsu ba, ga kuma inuwar ubangidansu. Kai ma'aikaci ne mai albashi, ka zo sau ɗaya. Manajan ya yi nasa lissafin, ya ga ɓacin ranka ya fi masa araha. Lissafi ne na marar hangen nesa, domin siyasa juyawa take yi, mai kujera yau gobe yana gida, amma ma'aikata da 'yan kasuwar gari suna nan kowace shekara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mai shayin da ya ambata don ya ƙasƙantar da kai. Da ma ya je ya zauna a bencin mai shayi mako guda ya koyi sana'a. Mai shayi ya san wanda ke son madara da yawa da wanda likita ya hana sukari, ba sai an faɗa masa ba. In wata ya yi nisa ya rubuta maka bashi ba tare da na kusa da kai ya ji ba. Mai tsire yana yanka maka ɗanɗano kafin ka ciro ko sisi. Masu kifi a Yauri da Argungu, in kun gama ciniki, sai sun ɗora maka gyara. Mai tuwo a tasha tana ce wa ɗan dako "ranka ya daɗe" da bakin da take faɗa wa direba. Wannan ita ce tarbiyyar kasuwancin da muka gada, kuma Bahaushe ya daɗe da taƙaice ta da cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. An kawo fitilu masu launi da kujerun laushi da na'urar sanyaya ɗaki, an bar wannan a baya. Na san man fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, na san wuri irin wannan a kan janareta yake kwana. Wannan zai iya zama dalilin tsadar kifi. Ba zai taɓa zama dalilin baƙar magana ba.

Yaran da suka kawo muku abinci a makare kuwa, ka cire su daga fushinka. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira dubu 70 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma da yawan masu hidima a irin waɗannan wurare a haka suke. Yaron da manaja ke zagi a bayan kicin ba zai fito maka da fara'a ba. Ruwa daga sama yake gangarowa.

Yanzu ga abin yi. Kana bin wurin nan bashi iri biyu, kuma kuskuren da nake jiye maka shi ne ka cakuɗa su. Akwai bashin kuɗi, akwai na mutunci. Na farko takarda ce ke karɓo shi. Fara da shi, domin ya fi sauƙi, kuma samunsa zai rage maka rabin zafin da ke hana ka barci.

Gobe da safe, kafin ka wuce ofis, ka biya bankinka ka nemi bayanin shige da ficen asusunka na wannan daren. Cirewa sau biyu tana da fuska biyu. Ko dai na farkon bai isa wurinsu ba, ya maƙale a hanya, to wannan aikin banki ne; tun a 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin a mayar da kuɗin cinikin POS da bai yi nasara ba cikin awa 72, kai kuwa yau kwana tara. Ko kuma duka biyun sun shiga asusunsu, to a nan su ne za su mayar maka. Ka cike takardar ƙorafi a bankin, ka karɓi lambar ƙorafin, ka ajiye. In mako biyu ya wuce ba su warware ba, kana da damar kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Kada ka yarda da "ka dawo jibi" na fatar baki. Duk abin da aka faɗa maka, a rubuta.

Ka tattara sauran shaidunka wuri ɗaya: shaidar tura dubu 40 ta ranar Laraba, saƙonnin da kuka yi da wanda ya ce an kama muku wuri, rasit in sun ba ka, da saƙon banki guda biyu. Ka ɗauki hotonsu ka tura wa kanka a wani wuri, kada waya ta lalace a rasa. Bidiyon ma ka ajiye shi a cikin shaidu, zan dawo kansa.

Daga nan sai ka nemi mai wurin. Na ce mai wurin, ba manaja ba. Sau da yawa wanda ya zuba miliyoyinsa ya gina irin wannan wuri ba ya zama a ciki, wani yana Abuja, wani yana da wasu harkokin, abin da manaja ya faɗa masa kawai ya sani. Birnin Kebbi ba ta yi girman da za a rasa hanyar isa ga mutum ba. Daga Gesse zuwa Badariya zuwa Nasarawa, in ka tambayi mutum uku, na huɗu zai ce maka ai surukin wane ne, ko tare suke sallar Juma'a da wane. Nemi dattijo guda mai mutunci, wanda in ya yi sallama za a tashi a ba shi wurin zama, ka ba shi labari tsaf, ku je tare da rana tsaka. Ka tafi da wasiƙa shafi ɗaya: ranar da abin ya faru, abin da ka biya, abin da aka yi maka alkawari, abin da ka tarar, kalmomin manajan kamar yadda ya faɗe su ba ƙari ba ragi, da abin da kake nema. Ka nemi a mayar maka da kafin alƙalaminka, da kuɗin da aka cira sau biyu in wurinsu ya shiga, a yi maka bayanin kowane layi na lissafin, sannan manajan ya ba ka haƙuri. Ka sa wa'adi, kwana bakwai ya isa. Ka riƙe kwafi.

Ba roƙo za ka je yi ba, doka tana bayanka, kuma ya kamata ka san ta ko da ba za ka ambace ta ba. Akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 115 ya ce a bayyana farashi, kuma kada a karɓi fiye da abin da aka bayyana. Sashe na 118 ya ba ka haƙƙin a ba ka rubutacciyar shaidar ciniki. Sashe na 130 ya ce wanda ya karɓi aikin yi maka hidima ya yi ta a kan lokaci kuma da ingancin da mutum zai sa rai, in ya gaza kana iya neman ya gyara ko ya mayar maka da wani kaso na kuɗinka. Sashe na 120 ma cewa ya yi ko kai ne ka fasa wurin da ka kama, abin da za su riƙe sai ya zama daidai da hankali. To ina ga su ne suka ba wani wurin? Game da kuɗin da ba ka gane ba, harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari ne tun watan Fabrairun 2020, wato naira 7,500 a kan kowace dubu ɗari. Abin da wasu wurare ke ƙarawa da sunan kuɗin hidima ba harajin gwamnati ba ne, na wurin ne, kuma ya kamata mai saye ya san da shi tun kafin ya yi oda. Kowane ƙari, a rubuta sunansa da adadinsa ka gani.

In mai wurin mutumin kirki ne, a nan maganar za ta ƙare, kuma ina kyautata zaton haka, domin ɗan kasuwa na gaske ya san abin da bakin mutum ɗaya ke iya yi a ƙaramin gari. In kuwa ya nuna shi da manajansa kanwar ja ce, sai ka shigar da ƙorafi a FCCPC, suna karɓa ta intanet, ka haɗa da kwafin wasiƙarka da shaidunka. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda ke da ofis a kowace jiha kuma ba a biyan kuɗi. Kotu ma tana nan. Zai ɗauki lokaci, kada in ɓoye maka, amma hanya ce da ba za ta juyo ta cije ka ba.

Shawarar abokinka ɗan sanda, ka yi masa godiya ka ajiye ta. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a kan saɓanin ciniki ko karya yarjejeniya kawai. In ya je da kakinsa ya ɗauko manajan don ya faranta maka, ya jefa aikinsa cikin haɗari, kai kuma ka tashi daga wanda aka zalunta ka koma wanda ya yi amfani da hukuma don huce haushi. Kuma ka tuna su wa aka ba wurinka. Wanda ke da yaran ɗan siyasa a ɓangaren manya yana da lambar da zai kira. Ka shiga gasar wa ya fi sanin manya da albashin ma'aikaci, ba za ka ji daɗin ƙarshenta ba.

Ta Hisba kuwa ta fi tayar mini da hankali, kuma ina roƙonka da girman Allah kada ka yi. A wasiƙarka ba ka ce ka ga baɗala ba. Kifi mai sanyi ka gani, da lissafin da bai yi daidai ba, da manaja marar ladabi. In ka je ka faɗi abin da idonka bai gani ba, ka yi ƙage, kuma ba manajan kaɗai zai shafa ba. Akwai matan aure da suka je da mazajensu kamar yadda taka ta je, akwai yaran da ke ciyar da iyayensu da wannan aikin. Ka yi tunanin a ce a daren da kuke zaune kusa da janareta wani mai jin haushin wurin ya turo a yi kame, aka haɗa da matarka da matar baƙonka. Hukumar da aka kafa don gyaran tarbiyya ba sandar ramuwa ba ce, kuma wanda ya mai da ita haka zai amsa tambaya a inda babu dattijon da zai raka shi.

Saura bidiyo. Na san yadda hannunka ke ƙaiƙayi. Addini bai hana ka faɗin abin da aka yi maka ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 148, Allah Ya ce ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Gargaɗin mutane kada su faɗa inda ka faɗa shi ma abu ne mai kyau, kuma da mutanenmu suna yin haka da gaskiya da natsuwa, da wuraren nan sun gyaru. Amma magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ta fi kowace. A 2023 wata mata a Legas ta rubuta ra'ayinta a Facebook kan wani tumatirin gwangwani, aka kama ta, aka kai ta Abuja, shari'a ta yi ta ja. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, an sha amfani da sashenta na 24 a kan masu rubutu, ga kuma dokar ɓata suna. Ban faɗi haka don in tsorata ka ba. Na faɗa ne don ka san mai kuɗi yana iya wahalar da kai ko da kai ne da gaskiya, saboda haka kada ka ba shi igiyar da zai kama.

Ga kuma abin da ba ka yi tunani ba. Bidiyon nan akwai fuskokin wasu a ciki, waɗanda ba su yi maka komai ba. Akwai muryar matarka, wataƙila har da kukanta. Da zarar ya fita, ba kai ke da shi ba. Masu sharhi ba za su tsaya kan manaja ba. Rabinsu tambayar yayanka za su yi, da kalmomin da suka fi nasa muni, kuma a kan matarka za su yi ta. Za a tura wa iyayenta. Za a tura wa shugabanka a ofis. Wulaƙancin da mutum ashirin suka gani, kai da hannunka za ka kai shi gaban dubbai.

Saboda haka ka bar bidiyon a matsayin shaida, ka nuna wa mai wurin, ka nuna wa hukuma in ta kai ga haka. In an bi duk hanyoyin nan an toshe maka, kuma har yanzu kana ganin wajibi ne ka gargaɗi jama'a, to ka yi rubutu gajere bayan ranka ya huce: ranar kaza na biya kaza, aka yi mini kaza, na nemi gyara ba a yi ba. Abin da kake da shaidarsa kawai. Ban da zagi, ban da "ɓarayi", ban da abin da ka ji an ce. Ka ba wani mai hankali ya karanta kafin ka saka, kuma ka nemi yardar matarka, domin da ita aka yi abin.

Akwai hadisin Jabir da Bukhari ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi addu'ar rahama ga mutum mai sauƙin hali in zai sayar, in zai saya, da in zai nemi haƙƙinsa. Kashin farko manajan ya faɗi. Na ƙarshen naka ne. Hadisin bai ce ka bar haƙƙinka ba, yadda za ka neme shi ya nuna maka. Ina faɗin haka domin akwai masu cewa "bar shi da Allah" alhali tsoro ne ko kasala, sai abin ya zauna musu a ciki shekara da shekaru. In za ka yafe, ka yafe bayan ka tsaya da ƙafarka, yafiyar da ta fito daga zuciya. Kuɗin kuwa na bakin 'ya'yanka ne, dubu 158 ba abin da ma'aikaci zai kauda kai a kansa ba ne a wannan zamani.

Yanzu bari in taɓa inda ya fi ciwo, ka yi mini haƙuri, uwa ce ke magana. Me ya sa kalmar "ba ka da kuɗi" ta hana ka barci kwana tara? Da ce maka ya yi ba ka da tsayi, ko ba ka iya tuƙi ba, da ka yi tsaki ka wuce. Ina jin ka so abokinka na Kaduna ya ga cewa kai ma ka zama wani abu, garinku ma yana da inda ake zuwa. Ba laifi ba ne, kowane ɗa namiji yana son a gan shi da kyau a gaban abokin ƙuruciya. Amma ka ɗauki fiye da dubu ɗari daga albashi ka kai inda darajar mutum take a aljihunsa, sai mai wurin ya auna ka da ma'aunin da ka je nema, ya ce ba ka kai ba. Shi ya sa ta shige ka. Mutumin da bai san sunan mahaifinka ba, bai san yadda kake riƙe gidanka ba, bai san wa kake taimako a dangi ba, ba shi da abin da zai auna ka da shi. Haƙurin da zai ba ka, in ya bayar, ka karɓa don ya koyi darasi kada ya yi wa na bayanka. In bai bayar ba, babu abin da ya ragu a jikinka.

Kuma a duk wasiƙarka ba ka faɗa mini abin da ka ce wa matarka ba tun daga wannan daren. Ina zargin ba ka ce komai ba, kana shiga kana fita da fuska a ɗaure, ita kuma tana tunanin ko da ita kake fushi, ko kunyarta kake ji. Hawayen da ta yi, ɗana, ba na raina ka ba ne. Mace ba ta kuka don an wulaƙanta wanda ta raina. Zafin abin da aka yi maka ne ya taɓa ta. Yau da dare, in yara sun kwanta, ka zauna kusa da ita ka ce mata ka ji zafin abin da ya faru a gabanta, ka gode mata da ba ta tanka ba, ka faɗa mata matakan da za ka ɗauka. Ka tambaye ta ra'ayinta kan bidiyon, ka saurara har ta gama. Ka ga kuma yadda ka janye iyalinka ka fita ba tare da ka kai hannu ba, alhali ƙatti na tsaye a kanku? Ta gani, kuma ba za ta manta ba.

Abokinka na Kaduna kuwa, in ya ce maka ba komai, ka yarda da shi. Shi ma a ƙasar nan yake zaune, ya san irin waɗannan manajoji a Kaduna. Ka kira shi a waya, kada ka bari kunya ta sa ka fara gudunsa, domin haka zumuncin shekaru ke mutuwa ba tare da an yi faɗa ba. Ka ce masa akwai bashin liyafa a kanka. In ya sake zuwa, ka sa a kawo maka ɗanyen kifi daga Yauri ko Argungu tun da safe, a dafa shinkafar Kebbi a gida, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan isha'i, a kira yayanka shi ma ya zo ya ci.

Ka fara da banki gobe. In kun je wurin mai wurin da dattijon, ka rubuto mini abin da ya ce.